Lafiya Lau ɗin Babana

Wallahi da ina da iko, da na cire "lafiya lau" daga bakin Hausawa kowa ya huta. Ku yi haƙuri, na san na fara da zafi. Ku bari in gaya muku abin da na tarar a gidanmu ranar Talatar nan, in ya so ku yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Amatullahi, 'yar Malam Abdulfatah tela, haifaffiyar unguwar Congo-Russia a nan Jos. Shekara huɗu ke nan ina karatun likita a ƙasar Rasha, a wani gari da ake kira Kazan. E, ku yi dariyarku, an riga ku. Ranar da sunana ya fito a tallafin karatu babu wanda bai tsokane ni ba a layinmu. Iya Abike, maƙwabciyarmu Bayarabiya mai shagon kayan miya, har tsakar gida ta shigo tana tafi. "Amatu zai tafi Russia na gaske! Mu an bar mu da na jabu!"

Mu mutanen Jos muna da wani girman kai a kan sanyi. Baƙo daga Kano ya zo yana rawar ɗari, mu kuma muna kallonsa muna murmushi. Da wannan girman kan Baba ya rufe karɓar ɗinki kwana uku ya zauna ya yi mini rigar sanyi da hannunsa. Yadi mai kauri ruwan toka a waje, a ciki kuma sabon bargo sukutum da ya sayo a kasuwar Taminus, ya yanka shi ya yi shafi. Har gwiwa take kai mini, da manyan maɓallai shida. Da na gwada ya ja baya yana kallo, tef a wuya, ya ce, "Uwata, wanda ya yi Disamba a Jos, wane sanyi kuma za a nuna masa?" Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Ai kuwa an nuna mini. Watan Nuwamba bai ƙare ba na gane abin da muke kira sanyi a Jos wasan yara ne. Iska ta riƙa shiga ta tsakanin maɓallan nan tana yanka ni, ƙanƙara ta narke a kafaɗa bargon ya sha ruwa ya yi nauyi. Ƙarfe uku da rabi na rana duhu ya rufe gari. Ba na jin yaren, ba wanda ke yi mini murmushi a mota, abinci ba yaji ba ɗanɗano. Na fara fashin aji kwana ɗaya, kwana biyu, daga nan na daina fita gaba ɗaya. Wata biyu ina kwance ina kallon bango, ba na ko son yin wanka. Ulonma, 'yar garin Aba da muke ɗaki ɗaya, ita ta gaji ta finciko ni, ta kai ni wajen likita, ta kai ni kasuwa muka sayi irin rigar da mutanen garin ke sawa. Shekarar farko ta koyon yare dai ta tafi a banza, sai da na maimaita ta.

Kun san me nake yi duk wannan lokacin? In za a tura hoto gida, sai in zaro rigar Baba daga ƙasan akwati, in saka, in fita cikin ƙanƙara in washe haƙora, Ulonma ta ɗauka, in ruga ciki ina kuka saboda yatsuna. In rubuta, "Baba, rigarka ta fi ta Turawan." Ya sa aka wanke hoton ya manna a shago, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya nuna masa.

Akwai wata tsohuwa mai tsaron ƙofar gidan kwananmu, Galina. Kullum in na wuce sai ta tambaye ni yaya nake, ni kuma in amsa irin tamu, komai lafiya. Ran nan ta sauke tabarau ta ce, "To me ya kumbura miki ido? Mu nan in mun tambaya, amsa muke so." Tun daga ranar na fara koyon cewa "yau ba na jin daɗi" ba tare da na ji kamar na yi saɓo ba. Da haka na miƙe. Yanzu ni ke raka sababbin ɗalibai asibiti ina yi musu tafinta, ni ke yin musu da malami a aji in na ga ya yi kuskure. Na canza ƙwarai, har ina mamakin kaina. Gida kaɗai na ci gaba da yi wa ƙarya.

Mutum ɗaya ya san gaskiya, Sharafaddeen. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Bukuru, tun kafin in tafi yake zuwa zance wajena, iyaye sun sani, ya ce zai jira kuma ya jira. Na gaya masa komai, na sa ya rantse ba zai faɗa wa Baba ba. Da yake wayar Baba ƙarama ce, Sharaf ne ke zuwa shago duk Juma'a bayan masallaci ya miƙa masa tasa ya yi mini saƙon murya. Kai, saƙon Baba! Minti bakwai, minti tara, ƙarar keken ɗinki a baya, labarin wanda ya haihu, wanda ya yi faɗa da wa a kan kwata, ya rufe da "Uwata, a dage, Congo-Russia na jiran likitanta."

A watan Maris saƙon ya ɗauke. Sati uku shiru. Sharaf ya ce ɗinkin sallah ne ya yi yawa. Da saƙon ya dawo, na duba tsawonsa na ga daƙiƙa uku.

"Lafiya lau. Lafiya lau."

Shi ke nan. Babu Uwata, babu ƙarar keke. Juma'a ta gaba ma haka, ta gaba ma haka. In na kira Mama in ce a ba ni Baba, yana masallaci. In sake kira, ya ɗan kwanta. Kiran bidiyo kuwa kullum sabis ne ba kyau. Ni na san Babana, ba ya ɗaga murya in ya yi fushi, magana yake ragewa. Sai na haɗa lissafina na gama: Sharaf ya fasa ƙwai, Baba ya ji na maimaita aji, ya ji rigarsa na ƙasan akwati, ya ji shekara huɗu ina yi masa wasan kwaikwayo. Wata biyar na yi da wannan dutsen a ƙirjina. Da aka ba da hutun Agusta na ce ko me za a yi sai na zo na durƙusa gabansa na ji ya ce ya yafe.

Tun daga Hawan Kibo, a hanyar shiga Jos, ruwa ke dukan motarmu, hazo ya rufe duwatsu. Sharaf na jirana a tasha da motar abokinsa, cikin wata shuɗiyar shadda da duk ta yi masa yawa. Ya rame, har ƙashin wuyansa ya fito. Na so in ji daɗin ganinsa, zuciyata ta ƙi.

"Sannu da zuwa, Dakta."

"Yauwa. Ka faɗa masa ko?"

"Na faɗa wa wa me?"

"Sharaf, kada ka raina mini hankali. Baba."

"Wallahi tallahi ban faɗa ba."

"To fushin me yake yi da ni?"

Ya ƙura wa gilashi ido, abin share ruwa na kaiwa da komowa. Sai da muka wuce shataletale biyu ya ce, "Bari mu isa gida."

Shagon Baba a jikin gidanmu yake. Talata, ƙarfe biyu na rana, na ga ƙofar a rufe, kwaɗon har ya fara tsatsa. Kafin in buɗe baki Iya Abike ta fito daga nata shagon da leda a ka saboda ruwa, ta rungume ni.

"Amatu ya dawo! Kai, ka yi fari! Sannu, sannu. Kada ka damu, Baba yana ƙoƙari yanzu, jiya ma da kansa ya sha kunu."

Da kansa ya sha kunu. Na juya na kalli Sharaf, ya sunkuyar da kai yana ta kokawa da akwatina.

Ban san yadda na ratsa tsakar gida ba. Na dai ga Mama ta taso daga bakin murhu tana "Amatu, tsaya, tsaya in gaya miki," na wuce ta. Ɗakin na warin man zafi. Baba na zaune a gado an tokare shi da filo uku, an rufa masa bargo a ƙafa. Hannunsa na dama, hannun almakashi, yana kwance a cinyarsa a dunƙule. Gefen bakinsa ya karkace. Gemunsa da na bari da ɗan baƙi-baƙi ya zama fari fat.

"Baba!"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya buɗe baki, na ga yana nema, yana nema, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Lafiya lau," ya ce.

"Baba ni ce, Uwarka ce, na dawo."

"Lafiya lau. Lafiya lau." Hawaye na bin gefen da ya karkace.

Jama'a, na san sunan wannan abin da yaren Rasha, na san shi da Turanci. Hawan jini ya taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa na hagu, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi ta bar wa mutum kalma ɗaya ko biyu da bakinsa ya fi sabawa da su. Yana ji, yana ganewa, amma ko me ya yi niyyar faɗa, abu ɗaya ne zai fito. A watan Mayu na rubuta jarrabawa a kan wannan, na ci maki mafi girma, har na yi rawa a ɗaki. Ashe a ranar saƙon Babana na cikin wayata, ina saurara ina cewa fushi ne. Wace irin likita ce ni?

A zaure na tare su, Mama da Sharaf, don kada Baba ya ji.

"Wata biyar! Wata biyar, Mama! Ni ba 'yar gidan nan ba ce?"

"Ki rage murya. Shi ya hana."

"Ta yaya ya hana, mutumin da ba ya magana?"

Sharaf ne ya amsa, a hankali. "A asibiti, kwana na huɗu, Mama ta ce a kira ki. Ya ɗauki kofi da hagu ya yi jifa da shi. Na fito da waya, ya fizge ya tura ƙarƙashin filo ya danne da kansa. Na ce, Baba, sai ta gama jarrabawa? Ya gyaɗa kai."

"Saƙonnin fa?"

Ya kalli Mama, ta ce, "Faɗa mata."

"Duk Juma'a nakan ce masa, Baba, Amatu na gaishe ka, sai in danna. Wani lokaci sai mun yi sau ashirin, don harshen kan yi nauyi. In kunna masa ɗaya bayan ɗaya, shi zai nuna wanda ya fi fita, shi za a tura. Ran da ya fita sosai har dariya yake yi."

Ni ina can ina ƙirga daƙiƙa uku ina cewa ya tsane ni, shi yana nan yana gumi a kansu.

"Kai kuma kana karanta saƙona ina cewa Baba ya daina sona, ka iya barci?"

"Ban iya ba." Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. "Ke kin sa na rantse in rufe naki. Shi ya sa na yi alkawari in rufe nasa. Wanne zan fasa, Amatu? Ke da Baba halinku ɗaya, ni kuka samu a tsakiya."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce, "Ka tafi. Kada ka sake kirana." Ya ajiye akwatina a kan dakali ya fita cikin ruwan nan ko lema babu.

Mama ta bi shi da kallo, ta juyo kaina. "Kin kyauta. Yaron nan shi ke ɗaga ubanki ya kai shi bayi. Shi ke kai shi gashi asibiti sau biyu a sati, daga Bukuru yake tahowa. Baffanninki ma sun ce a ɗaura muku aure kafin ki koma, Malam ya gani da idonsa."

"Wa ya ce zan koma?"

"Me kika ce?"

"Na ce ba inda za ni. In bar shi a haka in je in yi shekara huɗu ina koyon duba iyayen wasu?"

Mama ta kama haɓa ta daɗe tana kallona. "Naki na me ya ce kin sa shi ya rufe?" Ta juya ta koma wajen tukunyarta.

Washegari da hantsi, bayan Mama ta goge masa jiki ta canza masa riga, na buɗe akwati na zaro rigar. Har yanzu tana ƙanshin shagonsa in ka sa hanci a wuyan. Na shiga na durƙusa a gaban gadon, na ɗora ta a kan gwiwata. Da ya gan ta fuskarsa ta saki, ɓarin da ke motsi ya yi murmushi. Nan na ji kamar in fasa, in ce masa ta yi mini amfani, in tashi. Sai na tuna tsohuwar nan da tabaranta.

"Baba, yau ba lafiya lau zan ce maka ba. Ka saurare ni har in gama."

Na gaya masa duka. Na ce rigar ba ta tare sanyin can ba, ko wata ɗaya ban yi da ita ba. Na ce hoton da ke manne a shago, minti biyu na yi a waje aka ɗauka na gudu. Na ce na kwanta wata biyu ba ciwon komai sai baƙin ciki, har sai da likita ya ba ni magani. Na ce na maimaita shekara, saura huɗu ne ba uku ba. Na ce na ji tsoron ya ga Uwarsa ta gaza, shi ya sa na yi ta ƙarya. Ina magana ina kallon ƙasa, majina da hawaye duk sun haɗu.

"Ka yafe mini, Baba. Ko da kai ne ka nuna mini."

Ruwa na ta dukan kwanon rufi. Da na ɗago, ba ni yake kallo ba, rigar yake kallo. Ya miƙo hagu, na ba shi. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya juya cikinta, ya murza shafin tsakanin yatsu biyu yadda yake yi in zai sayi yadi. Ya bi layin maɓallan, ya zura yatsa a tsakanin biyu, yatsan ya fito ta ɗaya gefen. Ya girgiza kai, ya yi tsaki. Wallahi tsakinsa na nan yadda na san shi, na tela da ya gano kuskure a aikinsa.

Sai ya kama bargon da ke rufe da ƙafafunsa ya fara ja. Na ce, "Baba, akwai sanyi," na kai hannu zan mayar, ya buge mini hannu. Da ƙyar, yana nishi, ya janye shi gaba ɗaya, ƙafafunsa suka fito sirara. Ya cusa bargon cikin rigar, ya danna, ya haɗa gaban ya ɗora ɓari ɗaya a kan ɗaya yadda iska ba za ta samu hanya ba. Ya turo mini. Ya nuna bangon da shago ke bayansa, ya juya hannu kamar mai murza keke.

Na gane. Shafi biyu. A gyara, a koma.

"Baba, ba zan koma ba. Zan zauna in kula da kai."

Ya daki katifa da tafin hannu, har filo ɗaya ya faɗo.

"Lafiya lau!"

Ban taɓa jin Babana ya yi mini tsawa ba sai ranar. Mama ta shigo da gudu, ta ga rigar, ta ga ƙafafunsa a buɗe, ta ga ni a durƙushe, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Shi kuwa ya kamo wuyan hannuna ya riƙe gam, ya sassauta murya, ya sake faɗa a hankali, sau ɗaya, yana kallon cikin idona. Wannan karon na ji Uwata a ciki, ko da bai fito ba.

Yanzu haka da nake rubuta muku ina cikin shagon. Da tabarya muka fasa kwaɗon, don Mama ta manta inda ta ajiye makulli. Ƙura ta rufe keken, hotona na nan a bango ina washe haƙora cikin ƙanƙara. Jirgina saura kwana goma sha tara. Na shimfiɗa bargon a kan tebur, na zana da allin Baba, almakashinsa na hannuna tun ɗazu. In na yanka, na amsa masa ke nan, kuma ban sani ba ko zan sake samunsa in na tafi.

Ta jikin bango ina jin sallamar Sharaf a tsakar gida, yau ranar gashi ce, ya zo duk da abin da na faɗa masa. Na ji ya ce, "Baba, ya ƙarfin jiki?" Na ji abin da Baba ya amsa.

Ban yanka ba tukuna.